Yaron da Jirgi Ya Dawo da Shi

Shafi na 31

Masu damuna da saƙo cewa na bar Fanna a bayan mota kwana uku ban sauke ta ba, to ga ta nan na sauke. Amma duk wadda ta san tana da tukunya a kan wuta ta je ta duba tukuna, kar gobe a ce ni na ƙona wa maigida miya.

* * *

Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan jirgin ya ɓullo ta arewa.

Wata goma sha huɗu ke nan rabon mutanen Nguru da jin wannan ƙugi. Tun da sanƙarau ya shigo ƙasa aka rufe iyaka, jirgin kamfanin fata mai tasowa daga Damagaram duk Alhamis, ya yada zango a Nguru ya wuce Kano, ya ɗauke ƙafa. Ciyawa ta cinye filin, awaki suka gaje shi. Yau da aka ce zai dawo, gari ya tashi kaf. Mahauta sun bar nama, leburorin tasha sun bar buhunan gyaɗa, har wani sarkin zumuɗi ya ɗauko masu ganga, kai ka ce ubansa ne matuƙin.

Fanna kam ba kallo ya kawo ta ba.

Wannan jirgin ne ya raba ta da ɗanta. Haihuwa ta je yi wurin yayarta Meram a Damagaram, ta haifi Saleh, bayan mako uku ita ma Meram ta haifi Dunoma. Ranar da aka aiko cewa mahaifiyarsu tana gargara a Gashua, kujera ɗaya tal Kyari mijin Meram ya samo, Baturen jirgi kuma ya ce ba a shiga da jariri mara takardar lamba. Haka Fanna ta zare Saleh daga nono yana wata biyar ta miƙa wa yayarta.

"Mako ɗaya ne fa," in ji Meram a ranar. "Nonona zai ishe su su biyu."

Makon nan ne ya zama wata goma sha huɗu. Uwa ta rasu. Fanna ta kwanta da ciwon har wata huɗu, ta tashi wuyanta ba ya juyawa hagu. Mijinta Hamma ya bi masu raƙuma ta Machina don ya ɗauko yaron, ciwon ya tare shi a hanya, ko kabarinsa ba ta sani ba. Labari ɗaya ne ya tsallako iyaka a bakin wani mai kanwa: yaro ɗaya ya rasu a gidan Kyari. Wanne? Mai kanwa ya ce shi dai bai tambaya ba.

Aka buɗe ƙofar jirgi. Turawa biyu suka sauko, sai wani malamin kanti rungume da akwati, sai Kyari da doguwar hularsa. A bayansa Meram ce, ta rame har ƙashin wuya ya fito, da goyo a bayanta an lulluɓe shi da mayafi.

Goyo ɗaya.

Fanna ta san ɗaya za ta gani, amma da ta gani sai ta zabura ta nufe su. Ɗan doka ya tare ta da sanda har malamin tsabta ya gama duba takardunsu. Yana ɗaga sandar ta yi kansu.

"Ya Meram!"

"Fanna. Wushe, sannu." Meram ƙasa take kallo.

"Juyo min da shi."

"Bari mu isa gida, idon mutane yana kanmu."

"Su kalla. Juyo min da shi, don girman Allah."

Meram ba ta motsa ba. Kyari ne ya matso, ya sa hannu ya yaye mayafin a hankali.

Yaro ne siriri mai manyan idanu. A kowane kunci tsaga uku, a goshi ɗaya. Tsagar gidan su Kyari ce, irin wadda ke fuskar Kyarin kansa. Saleh kuwa duk duniya ta shaida aska ba ta taɓa fuskarsa ba.

"Ki yi haƙuri, Fanna," Kyari ya ce. "Saleh ya riga mu gidan gaskiya wata uku bayan tafiyarki. Allah ya bar mana Dunoma. Wallahi na rasa bakin da zan aiko miki."

Masu ganga suna can suna ta aikinsu. Fanna ta zauna daɓas a ƙasa, ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan nan ya fi tsorata waɗanda ke kusa da ita.

* * *

Gidan iyayen Kyari yana bayan kasuwar shanu. Nan aka sauka, da niyyar gobe a kama hanyar Gashua don ta'aziyyar tsohuwa. Mata suka cika tsakar gida, kowacce ta shigo sai ta dafa Fanna ta ce Allah ya sa mai ceto ne. Ita dai "amin" kawai take cewa kamar wadda aka aiko ta faɗa.

Meram ta sauke yaron. Ya kama bakin zanenta ya tsaya, yana bin mutane da ido. Wata yarinya ta saki kwanon sha a bayansa, ƙarar ta sa har kaji suka watse, shi ko waiwaye bai yi ba.

"Ciwon ya tafi da kunnensa," Meram ta ce ba tare da an tambaye ta ba. "Ba ya ji ko kaɗan."

Aka yi ta salati. Fanna ba ta sa baki ba, don idonta ya maƙale a kuncinsa na hagu. Tsagar tsakiya ba ta miƙe ba. Ta faro daidai, ta zo rabi ta karkace ta nufi kunne, ga ta a kumbure kamar an ɗora zare a kan fata.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta juyo wajen yayarta.

"Ya Meram."

"Na'am."

"Ranar sunan Dunoma, wa ya riƙe wa wanzami shi?"

Meram ta ɗago. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ni ce ko ba ni ba ce?"

"Ke ce."

"Ya motsa?"

Meram ta kau da kai.

"Na ce ya motsa? A cinyata aka yi masa. Ɗan kwana bakwai, ko kansa bai iya ɗagawa ba. Tsaga ta fita siririya, miƙaƙƙiya, har wanzamin yana yabon hannunsa. Wannan ta ina ta karkace?"

"Yaro yana girma, fuska tana canzawa."

"Fuska tana canzawa, tsaga ba ta kwana."

Gwaggo Gaji, ƙanwar mahaifin Kyari, ta tafa hannu. "Ku bar ta, baƙin ciki ne. Miji ya tafi, uwa ta tafi, ɗa ya tafi, ai dole hankali ya taɓu. Ku jiƙa mata rubutu."

Fanna ta miƙe. Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta nufi zaure inda maza ke zaune, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo. Hira ta tsaya cak.

"Ya Kyari, alfarma ɗaya nake roƙo, daga ita ba zan ƙara ba."

"Faɗi, Fanna."

"A kira min Baba Ajimi ya dubi fuskar yaron nan."

Kyari ya dube ta da tausayi. Bawan Allah, shi har ga zuciyarsa gani yake ciwon ya bar mata saura a kai.

"In wannan zai kwantar miki da hankali, a kira shi."

"Ba za a kira kowa ba!" Meram ce daga bakin ƙofar cikin gida, ta riga ta suri yaron. "Ba ya son baƙin hannu, kai ma ka sani."

"Haba Meram. Ƙanwarki ce fa. Me za a rage mana?"

* * *

Baba Ajimi wanzami ne da ya tsufa a kan aska. Shi ya tsaga fuskar Kyari, shi ya tsaga ta ƙannensa, kuma a Nguru in ana gardamar asalin mutum, shi ake kira ya duba kunci ya raba. Ya shigo da zabirarsa a kafaɗa, ya gaisa da kowa a natse, ya zauna inda hasken ƙofa ke faɗowa.

Kyari ya karɓi yaron ya zaunar da shi a kan gwiwarsa, bayan yaron na jingine da ƙirjinsa. Tun kafin a taɓa shi ya fara miƙa hannu wajen Meram.

Tsohon ya sa babban yatsa ya bi tsagar dama ɗaya bayan ɗaya. Ya koma hagu. Da ya zo kan ta tsakiya sai ya tsaya, ya sake bi, ya sake.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Wanzamin unguwarmu a Damagaram," in ji Kyari. "Ranar suna, a kan idona."

"Ranar suna."

"Ƙwarai, Baba."

Baba Ajimi ya sake duban tabon. Wanzami ya san abin da sauran mutane ba su sani ba. Fatar ɗan kwana bakwai taushi gare ta, aska na wucewa sau ɗaya an gama, tabon kuma ya kwanta ya bi fuska suna girma tare. Yaron da ya yi ƙwari kuwa sai an danne shi, yana fizga aska na zamewa, tabon ya tashi ya ƙi kwanciya har abada.

"An cire masa belu?"

"An cire. A tafin hannuna aka ɗora min shi."

Fanna ta matso kusa. Ta tuna ranar sunan Saleh, da Hamma ya tsaya a tsakar gida ya ce ƙarfe ba zai shiga bakin ɗansa ba, don ya taɓa ganin ɗan yayansa ya zubar da jini har ya mutu. An yi masa dariya a ranar, an ce Bafillace ya fi son saniya a kan al'ada. Ya dai kafe, aka bar yaron da belunsa.

Ta juya jikinta gaba ɗaya, tunda wuya ba ya juyawa, ta dubi Meram. Meram ta dafa bango.

Baba Ajimi ya zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin baki daga zabira, ya goge da gefen rigarsa, ya matse kumatun yaron ya danne harshen. Yaron ya tsala ihu, baki ya buɗe har maƙogwaro. Fanna tana tsaye a bayan kafaɗar tsohon, hasken ƙofa ya shiga daidai.

Ga shi nan. Ɗan jan nama yana lilo, cikakke, ba abin da ya taɓa shi.

"Saleh," ta ce. "Wayyo Allah, Saleh!"

Kyari ba ya iya gani daga inda yake. "Baba, me ka gani?"

Tsohon ya zare ƙarfensa. Ya goge shi, ya daɗe yana gogewa, abin da ba ya buƙatar guga. Ya dubi Meram da ke dafe da bango. Ya dubi Kyari, yaron da shi ya yi wa askin suna shekara arba'in da suka wuce. Ya dubi dattawan gidan da suka zuba masa ido.

"Idona ya tsufa, Kyari. Cikin maƙogwaro ya fi ƙarfina yanzu."

"Baba!" Fanna ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka gani! Tare muka gani!"

"Abin da kika gani, ke kika gani, 'yata."

"Ka ji tsoron Allah, Baba Ajimi. Maraya ne. Ubansa a hanyar ɗauko shi ya mutu."

"Ban ce e ba, ban ce a'a ba." Ya rataya zabirarsa. "Shekara hamsin ina shiga gidan nan da sallama. Ba da bakina za a rushe shi ba."

Wani daga cikin dattawan ya ce ai belu yakan sake tsirowa, shi ya taɓa ji. Wani ya ce ƙwarai kuwa. Haka mutane suke, in gaskiya ta yi nauyi sai kowa ya tuno abin da ya taɓa ji. Kafin Fanna ta miƙe tsohon ya kai ƙofa.

Fuskar Kyari ta canza. Tausayin ya kau, ɓacin rai ya maye.

"Ya isa haka, Fanna. Na yi miki abin da kika roƙa. Ɗanki ya rasu, mun yi kuka, ba za ki zo ki ƙwace nawa a gaban iyayena ba." Ya miƙa wa Meram yaron. "Ki haɗa kaya. Jirgin zai biyo daga Kano da la'asar, da shi za mu koma. Ta'aziyyar Gashua a isar mana."

* * *

Fanna ta sami yayarta a ɗakin baƙi tana cusa kaya a cikin kwalla, zane ɗaya ta ninke shi sau uku. Yaron yana zaune a kan tabarma yana wasa da murfi. Fanna ta saki labule ta tsaya.

"Ba kowa a nan, Ya Meram. Daga ni sai ke sai Allah."

Meram ba ta juyo ba.

"Nono ɗaya muka sha. Ke kika goya ni ranar da ruwa ya ci gidanmu na bakin kogi. Ki dube ni ki ce Dunoma ne, ni kuma in fita, ba za ki sake ganina ba."

Zanen ya faɗi daga hannun Meram. Ta zauna a bakin gado.

"Naki ne."

Fanna ta jingina da bango. Ta zaci in ta ji kalmar nan za ta yi ihun murna, sai ta ji ba abin da ya sauka daga ƙirjinta.

"Su biyun suka kamu rana ɗaya," in ji Meram, murya ƙasa ƙasa. "Kyari yana Gure sayen fata, an rufe hanya, wata shida bai dawo ba. Aka kwashe mu zuwa bukkokin bayan gari inda ake ware masu ciwo. Ɗaya a wannan hannu, ɗaya a wannan. Ran kwana biyar da safe Dunoma ya saki nono. Na girgiza shi, na girgiza shi."

"Ya Meram..."

"Bari in gama, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Suka naɗe shi a tabarma suka tafi. Malamin wurin ya zo da littafi ya ce wanne ne ya rasu. Wallahi Fanna ban shirya ba. Bakina ne kawai ya ce Saleh."

"Bakinki."

"Huɗu na binne kafin Dunoma, kin sani. Shi ne na biyar. Ungozoma ta ce daga shi mahaifata ta gama. Na dubi naki yana numfashi a cinyata, nonona yake sha, ni yake kallo. Na ce Fanna yarinya ce, tana da Hamma, za ta haifi goma."

"Hamma ya mutu."

"Ban sani ba a lokacin! Da na ji, aikin gama ya gama."

"Tsagar fa?"

Meram ta rufe fuska da tafin hannu. "Wani wanzami ne mai yawo, ban san sunansa ba. Na ba shi 'yan kunnena. Yaron ya yi wata takwas, ya yi ƙarfi, ya ƙi tsayawa. Ni na danne shi da gwiwata. Yana ihu yana kallona, ni ina danne da shi." Ta ja numfashi. "Belun ne ban tuna ba. Wallahi bai taɓa faɗo min a rai ba sai da tsohon nan ya tambaya."

"Ya Kyari bai sani ba?"

"Ya dawo ya tarar da yaro da tsagar gidansu, ya rame da ciwo, kamanninsu ɗaya tun asali. Ya ɗauke shi yana kuka yana gode wa Allah. Ta ina zan fara?"

Fanna ta ji wata ƙiyayya ta taso mata wadda ba ta san tana da irinta ba. Ta so ta shaƙe matar nan. Kuma a cikin ƙiyayyar tana ganin ƙasusuwan wuyan yayarta, tana jin tausayinta, abin ya haɗu ya zame mata ciwo biyu.

"Ki fita ki faɗa musu."

"Ba zan iya ba."

"To ni zan ɗauki ɗana."

Meram ta sauke hannu daga fuskarta. Idanun sun yi jawur, amma babu faɗa a cikinsu.

"Ga shi nan. Ɗauke shi."

Fanna ta durƙusa a gaban yaron. Wata goma sha huɗu tana shirya abin da za ta ce masa. Ta miƙa hannu ta ɗago shi ta manna a ƙirji, ta shaƙi ƙanshin kansa.

"Saleh. Saleh na Hamma. Ni ce, Innarka ce."

Yaron ya dube ta kamar yadda ake duban baƙo a kasuwa. Ya waiga ya ga Meram tana nesa, sai ya fasa ƙara. Ya turje, ya yaƙushi wuyanta, ya banƙare. Fanna ta shiga jijjiga shi tana yi masa 'yar waƙar da take yi masa yana jariri. Ta kai tsakiya kafin ta tuna ba ya ji. Ba zai taɓa jin muryarta ba, ba zai taɓa jin sunansa na gaskiya ba.

Kukan ya ɗauke ɗif. Jikinsa ya sandare, kai ya koma baya, idanu suka juye sai fari.

"Ya Meram! Me ya same shi? Ya Meram!"

"Tun ciwon yake yi in ya firgita. Kawo shi."

Fanna ta ƙara ƙanƙame shi.

"Kawo shi, Fanna, in ya daɗe numfashinsa tsayawa yake!"

Ta miƙa shi. Da hannunta ta miƙa shi, karo na biyu.

Meram ta kwantar da shi a cinya ta gefe, ta kama ɗan tafin hannunsa ta ɗora a kan maƙogwaronta, ta fara gunji a hankali, baki a rufe. Ba ya ji da kunne, amma yana jin rawar a yatsunsa. Kaɗan kaɗan jikin ya saki. Idanun suka dawo. Ya lalubi bakin rigarta ya damƙe, yana ajiyar zuciya.

Fanna tana durƙushe tana kallo, hannuwanta a buɗe ba komai a ciki.

"Da haka nake kiransa," in ji Meram. "Da haka nake ce masa ya ci, da haka nake ce masa ya yi barci. Ko Kyari bai iya ba. Ki kai ni gaban alƙali, Fanna, ba zan yi rantsuwar ƙarya ba, za a ba ki shi. Sai me? Kwana nawa zai yi a hannunki yana wannan? Ki kai shi rugar su Hamma da tsagar wasu a fuska, su ce ɗan wa kika kawo musu?"

"Ke kika yi masa."

"Ni na yi. Ni zan tsaya gaban Allah da shi. Amma an riga an yi."

Fanna ta dubi yaron. Duk inda ta juya, ƙofa a rufe take. In ta karɓe shi, ta raba shi da uwar da ya sani, wataƙila ta kashe shi. In ta bar shi, ta binne Saleh da bakinta, ta bar jinin Hamma yana amsa sunan wani har ya mutu.

Meram ta sunkuya ta ɗora shi a baya. Zanen ya ƙi ɗauruwa. Fanna ta miƙe ba tare da ta san ta miƙe ba, ta gyara masa ƙafa, ta ja majanyi ta ɗaure. Sai a sannan hawayen suka zo mata.

Aka ɗaga labule.

Kyari ne. Ba hula a kansa, fuskarsa ta yi fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Na bi Baba Ajimi in sallame shi," ya ce a hankali. "Ya ƙi karɓar komai. Ya ce min shi dai a saninsa belu ba ya tsirowa sau biyu, in koma gida in tambayi iyalina."

Ya dubi yaron da ke bayan Meram.

"Wata takwas, duk Juma'a in na sauko daga masallaci sai na bi ta bayan gari. In tsaya a kan ɗan ƙaramin kabarin nan, in yi wa ɗan Hamma addu'a. In na gama in ce Allah na gode da ka bar min nawa." Ya sunkuyar da kai. "A kan kabarin nake faɗa."

"Malam..." Meram ta fara.

"Ba ke zan tambaya ba."

Daga can yamma wani ƙugi ya fara tasowa, siriri, yana ƙara ƙarfi. A waje yara suka ɗauki ihu, jirgi, jirgi. Yaron da ke bayan Meram ya kwantar da kunci a kafaɗarta ya lumshe ido, shi kaɗai ne a ɗakin bai san ana yi ba.

Kyari ya juyo ya fuskanci Fanna.

"Tun kina 'yar ƙarama na san ki, ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Abin da kika faɗa yanzu shi za a yi. In nawa ne, mu tafi filin jirgi. In naki ne, in kwance shi da hannuna in ba ki, ita kuma ta san inda za ta nufa."

Meram ta zube a kan gwiwoyinta, ido kawai ta ɗago wa ƙanwarta.

"Fanna," in ji Kyari. "Yaron nan ɗan wa ne?"